Ranar da Perpétua Ta Yi Ƙarya

Serra Mansa, 2 ga Maris, 1959

Ƙanena Honorato,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Doralice da har yau ban sa ta a ido ba. Yaya aikin ginin, yaya jar ƙasar Brasília? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa har gansakuka ta fito a bangon madafa. Gwiwata tana nan da halinta.

Bayan gaisuwa, abu biyu suka sa na ɗauki alƙalami, ɗaya mai daɗi, ɗaya akasin haka.

Mai daɗin shi ne Perpétua ta dawo. Ka san tun da ta tsage a hannun babanka ranar Ista ta bara, aka sauke ta daga hasumiya aka kai ta wajen masu zubin tagulla a birni, garin nan ya zama kamar gidan da uwa ta yi tafiya. To shekaranjiya aka kawo ta daga tashar jirgi a keken shanu, mata na watsa mata furanni kamar amarya. Babbar ƙararrawarmu ta dawo fes, har 'yan kunnen da matan Ƙungiyar Rosário ta coci suka bayar an narka a jikinta don muryarta ta yi zaƙi. An sassaƙa mata sabuwar karkiya, wadda ake rataye ta a jiki ana juya ta, ta baƙin katako, tsohuwar gara ta cinye. Yanzu tana kwance a kan gungume a harabar coci, ana jiran ma'aikata daga birni su ja ta sama. An naɗe harshenta da buhu, domin Fada Eusébio ya ce kada ta yi ko tari sai Bishop ya zo ya sa mata albarka a watan Mayu. Kafin nan ƙaramar ce kaɗai, Luzia, ke aiki, kuma Belmiro mai sharar coci ke jan igiyarta kamar mai kiran awaki.

Ɗayan kuwa, babanka, Kawu Quirino, ba shi da lafiya. Ba na son in ƙara gishiri, ga abin da na gani: ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, kuma ba ya iya kwanciya sai a jingine. Ranar da aka kawo Perpétua ya sa aka ɗauke shi a kujera zuwa wajenta. Ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ya kara kunne, ya daɗe a haka. Sannan aka mai da shi gida.

Ban manta abin da ya gaya maka ranar da ka tafi ba, cewa wanda ya sauko daga hasumiya ya bi duniya kada ya sake taka matakalarta. Sunanka bai ambata ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma duk ranar Alhamis sai ya tambaye ni ko motar wasiƙu ta shigo.

Juyin ƙararrawar na farko bayan albarka na gidanku ne tun kakan kakanka. Shi ba zai iya hawa ba. Sauran magana na bar maka.

Yayarka,
Zulmira

*

Brasília, 21 ga Maris, 1959

Yaya Zulmira, uwar masu gaskiya,

Takardarki ta iso, na gode. Muna lafiya. Doralice na gaishe ki, ta ce in gaya miki ita ma ba ta san ko mutum ce ke ko labari ba. Ki shafa wa gwiwar man kaɗanyar nan da kike ba kowa shawara ke kuma ba kya shafawa.

Maganar kumburin ƙafa, ai na san shi. Tsohon nan tun ina ɗan yaro yake mutuwa duk lokacin da yake son a yi masa wani abu. Ƙafa ce ta kumbura, Yaya, ba baki ba. In yana so in zo, ya buɗe baki ya ce a rubuto, “Honorato, zo.” Kalma biyu ce. Ke kuma na san ki, in bai faɗa ba ko za a yanka ki ba za ki rubuta ya faɗa ba, don haka ke ce shaidata.

Nan aiki ba dare ba rana. Ana maganar za a ɗebi wasunmu a kai mu sabuwar hanyar da ake sarewa cikin daji ta yi arewa. Ban sani ba tukuna.

Wa ya sassaƙa karkiyar? In masassaƙinmu Mestre Olegário ne, to. In wani ne, ki ce a duba nauyin kan, domin in kai ya fi ƙarfi za ta riƙa tsayawa a sama baki buɗe kamar mai hamma, in kuma ya yi sauƙi sai ta karya wa mai turawa kafaɗa. Ki kuma gaya wa mutanen birnin nan kada su matse ɗamarar ƙarfen da yawa, katako na son numfashi. Ba don ya dame ni ba ne. Na dai faɗa.

Belmiro kuwa, Allah ya ba Luzia haƙuri.

Naki,
Honorato

*

Gonar Dona Alzira, hayin kogi, 9 ga Afrilu

Honorato,

Ina fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwa nake yi, direban motar madara na jira zai wuce tashar jirgi.

Ka yi ƙarfin hali, ƙanena. Allah ya yi wa babanka rasuwa yau da hantsi.

Ban kasance a wurin ba, kuma wannan zai daɗe yana cina. Jiya jikin ya tsananta har Fada ya zo ya shafa masa man addu'ar ƙarshe. Da safe na ga ya ɗan samu barci, sai na bar maƙwabciya da shi na hayo nan karɓar ganyen da aka ce yana sauke kumburi. Ina tsaye a bakin murhu sai muka ji ta. Perpétua. Juyi ɗaya, ta yi shiru. Na biyu, ta yi shiru. Na riƙe numfashi ina cewa Uwa Maryamu, a tsaya nan, biyu mutuwar mace ce. Sai ta yi na uku, na mutuwar namiji. Mazan da ke shanya kofi duk suka cire hula. Dona Alzira ta ce, “Fada ya yi daidai. Quirino kaɗai ya isa a kwance mata harshe kafin Bishop.”

Kogi ya cika, sai gobe mai kwalekwale zai haye da ni. Allah ya jiƙansa, ya ba ka haƙuri.

Zulmira

*

Serra Mansa, 10 ga Afrilu, 1959

Honorato, ƙanena,

Ban san ta inda zan fara ba, ko gaisuwar ma ta ɓace mini. Allah ya sa kana lafiya, Allah kuma ya sa wannan ta riga waccan isa hannunka.

Babanka yana da rai. Ka sake karantawa. Yana da rai, ga shi can ina jin tarinsa.

Na hayo kogi da sassafe da baƙin gyale a kaina, ina kuka tun daga mashaya. Na shiga ɗakin ina neman gawa, sai na tarar da mutum a jingine ya zuba mini ido. Na zauna a ƙasa. Ya ce, “Ke ma kin zo gaisuwar? Kin makara, 'yar nan, an cinye biskit.”

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda na bi na tambaya baki uku. Ma'aikatan birni sun gama jan Perpétua sama jiya da safe, suka zaunar da ita. Belmiro aka sa ya tsare su, ya sauka shan kofi. Shugabansu ya ce shi ba zai bar aiki bai gwada ba, ya kwance buhun da ke harshenta. Suka juya ta, suka tsaya ɗaure wani ƙarfe. Suka sake juyawa, suka tsaya sa mai. Suka yi na uku, suka ga ta zauna daidai, suka sauko suna dariya, suna neman inda za su ci abinci. Suka tarar da rabin gari a durƙushe.

Fada ya fito ko maɓallin rigarsa bai sa ba. Da ya gaya wa shugaban abin da suka aikata, mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Fada, ƙarfe ne fa.” Da ƙyar aka raba shi da Mestre Olegário.

Amma kafin a gane, labari ya riga ya gama gari. Maƙwabciyar da na bari ta je ɗebo ruwa, daga can ta ji, ta yar da tulu. Matan Ƙungiya suka shigo gidan da kyandirori suna kururuwa, mazan da fararen alkyabbunsu, kafinta a baya da igiyar awon akwatin gawa. Kawu kuwa tun juyin farko ya farka. Ya ce ya gane muryarta, ya ji daɗi, ya ce zubin ya yi kyau. Ya ƙirga uku, yana tunanin wane namiji ne a Ƙungiya ya riga shi. Sai ga su sun cika masa ɗaki. Dona Sinhá da ke gaba ta gan shi ido buɗe ta ƙwalla ƙara ta faɗi a kan kafinta.

Ya ce, “Wa ya mutu?”



Ya sake cewa, “Ina tambaya. Namiji ne, ɗan Ƙungiya. Wane ne?”

Kafinta ya ɓoye igiyar a bayansa. Nan Kawu ya gane.

Ƙanena, na rubuta maka abin da ban gani da idona ba. Tun ina yarinya ban san ana tambayar Perpétua shaida ba, in ta faɗa ta faɗu. Duk da haka hannuna ne ya rubuta, ni zan amsa. Na aika yaron Dona Alzira tasha a kan alfadari ko a tsayar da takardar, jirgi ya riga ya tashi. Ka gafarce ni. Ka rubuto da zarar ka ga wannan.

Zulmira

*

Sansanin hanya, arewa da Brasília, 24 ga Afrilu

Yaya,

Na samu takardarki ta gonar Dona Alzira ana loda mu a mota. A hanya na karanta. Lafiyata ƙalau, in ana kiran wannan lafiya.

Na ce bakinsa bai kumbura ba. Ni na rubuta haka, ko? Ki ƙone waccan takardar.

Kada ki zargi kanki don ba kya wurin. Ke 'yar 'yar ƙanwar uwarsa ce kawai, kin wanke shi kin ciyar da shi. Ni da na fito daga jikinsa ina nan ina kwaɓa siminti.

Abu ɗaya ya hana ni barci. Wa ya juya masa ita? Belmiro ba zai iya ko motsa ta ba. Ke nan baƙin nan ne, masu ɗaurin ƙarfe. Mutumin da ya sallami kowane mamaci a garin nan da hannunsa, ya san wanda za a yi wa a hankali da wanda za a ja wa dogon shiru, shi ne baƙi suka tura masa ƙararrawa kamar masu tura keken yashi. Na tuna ranar da ya fara ɗora hannuna a kan karkiya, ya ce, “Kada ka tura ta, jaki. Ka roƙe ta.”

Jana'iza ta wuce ni. Amma zan zo addu'ar kwana talatin ko da ƙafa ne, in hau in yi masa uku irin wanda ya dace da shi. Ya hana ni taka matakalar yana raye, to yanzu sai ya yi haƙuri. Kada ki gyara mini ɗaki, kada ki tare ni a hanya. Ba ni da idon shiga gidan nan sai na sauke wannan nauyi. Daga mota sai hasumiya.

Nan babu gidan waya, wani direba zai jefa mini wannan. Kada ki wahalar da kanki da rubutu, duk abin da ya zo Doralice ce ke ajiye mini. Daga nan zan miƙe, ba zan biya ta gida ba.

Honorato

*

Serra Mansa, 3 ga Mayu, 1959

Honorato,

Gaisuwa. Allah ya sa kana lafiya, ya kuma sa wani ɗan albarka ya kai maka wannan har dajin.

Takardarka ta zo, na karanta ta a tsaye a gidan waya, sai da ma'aikacin ya miƙo mini kujera. Na buga talgiram nan take, wannan ce kuma takarda ta uku da na aiko maka tun bayan kuskuren. BABANKA BAI MUTU BA. Don girman Allah kada ka hau hasumiyar nan.

Ba ka san halin da ake ciki ba. Kumburin ya ɗan sauka, likita ma ya yi mamaki. Amma tun ranar nan Kawu ya juya wa abinci baya. Ruwa da ɗan kofi kawai. Na yi masa tuwon masara da miyar kuɓewa da kaza, wanda da har kwano yake suɗewa, ya kau da kai.

Na ce, “Kawu, kuskuren baƙi ne, kowa ya sani.”

Ya ce, “Kowa ya ji me?”

Na ce, “Sun ji uku.”

Ya ce, “To. Tun da aka rataye ta ba ta taɓa faɗin abin da babu ba. Mace na naƙuda ta faɗa, gobara ta faɗa, mutuwa ta faɗa, mutum na gona ya ajiye fartanya bai tambayi kowa ba. Yanzu duk wanda ya gan ni a taga sai ya ce ga ƙaryar Perpétua tana shan iska. Gobe in ta ce gobara, sai a ce bari a bincika. Ni tsoho ne, ita kuwa yanzu aka sake haihuwarta. Wanne ya fi sauƙin gyarawa?”

Na ce wannan saɓon Allah ne, rai ba nasa ba ne. Fada ma ya zo ya faɗa masa haka, har da faɗa. Ya ce shi bai kashe kansa ba, yunwa ce kawai ba ya ji. Fada ya ce zai yi sanarwa a coci. Ya ce, “Abin da ƙararrawa ta faɗa, Fada, baki ba ya warware shi.” Wai sai dai ita da kanta ta janye, a yi kiɗan murna da ita da Luzia tare, irin na safiyar Ista. Ka san hannu biyu da ƙafa ake yinsa, kuma duk duniya mutum biyu suka iya. Ɗaya ga shi kwance.

Ban nuna masa takardarka ba. Ban kuma ce ba ta zo ba. Da ya tambaya ranar Alhamis sai na tashi na ce wake na ƙonewa, kuma Allah ya taimake ni da gaske yana ƙonewa.

In ya sake jin uku, ba na jin zai kai yamma. Na ɗauke mabuɗin hasumiya daga ƙarƙashin dutsen da kuke ɓoye shi, yana wuyana. Na sa Belmiro ya riƙa tsaron motar Alhamis. Ka zo gida tukuna, ƙanena. Gida.

Zulmira

*

Brasília, 6 ga Mayu, 1959

Zuwa ga Yaya Zulmira,

Ni ce Doralice matar Honorato. Ina gaishe ki da kyau, yaya mai jiki? Wani mai sayar da magani ne ke rubuta mini, don ni ban yi makaranta ba, kuma na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara.

Yaya, na shiga uku! Takardunki suna nan cikin gwangwanin sukari tun da suka zo. Ni ba na buɗe takardar miji, haka uwata ta koya mini. Da talgiram ya zo ma na ce gaisuwar mutuwa ce, na haɗa da su. Yau maƙwabciyata ta ce, “Ke wawuya, ana buga talgiram don gaisuwa?” Na kawo nan aka karanta mini. Wallahi sai da na kama teburin mutumin, kwalabe suka zube, yanzu ma yana hararata.

Wato ni nan na rina rigunana biyu baƙi, na biya aka yi wa surukina addu'a a coci, na yi kuka har muryata ta dushe, mutum na can yana shan kofi? Wane irin gari ne naku da ƙarfe ke kashe mutum ba a leƙa an ga gawa ba? Mu a Bahia sai mun taɓa ƙafa mun ji sanyi.

Na ruga ofishin kamfani, suka ce ya karɓi izini ya bar sansani tun shekaranjiya, ya hau motar katako. Ba ta hanyar da kike zato zai zo ba, kuma ba lallai ranar Alhamis ba. Ki sa ido, Yaya. Mutumin nan in ya ƙudurta abu, ƙofa ba ta tare shi. Ya rame, ya bar gemu, kada ku ɗauka wani ne.

Ki rubuto mini ko mene ne ya faru. Wannan karon ko sunan Shugaban Ƙasa ne a bayan ambulan sai na farke.

Ƙanwarki,
Doralice

*

Serra Mansa, 14 ga Mayu, 1959

Ƙanwata Doralice,

Na gaishe ki da kyau, na kuma gode da takardarki, ko da yake ta iso bayan komai ya wuce. Ki gaishe mini da mai maganin, ki ba shi haƙurin kwalabensa. Kada ki zargi kanki a kan gwangwanin sukari. Mijinki lafiyarsa ƙalau. Ki nemi wuri ki zauna kafin a ci gaba da karanta miki.

Ranar Asabar da rana tsaka ya iso, lokacin da kowa ya rufe taga yana hutawa. Motar katako ta sauke shi a bayan coci. Mai tallan cuku ta gan shi ta ɗauka mahaukaci ne. Ya tarar da ƙofar hasumiya a kulle, mabuɗi na wuyana, ina ta jin na yi dabara. Ashe akwai wata kafa ta saman wurin mawaƙa da yake bi tun yana yaro in ya yi laifi. Ni ban taɓa hawa can ba, ina zan sani?

Ina zaune gefen Kawu ina jiƙa masa leɓe da auduga. A ranar ko kofin bai sha ba, idonsa a rufe, hancinsa ya yi tsini. Sai na ji katako ya yi ƙara daga sama, irin ƙarar da karkiya ke yi kafin murya ta fito.  Na tashi zan ruga, sai ya cafke mini hannu. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba.

Ya ce, “Zauna.”

Perpétua ta yi magana. Doralice, na ji ana juya ta tun ina cikin zanen goyo, ban taɓa jin irin wannan ba. A hankali, kamar mai tafiya da kaya a ka yana tsoron kada ya zube.

Na ce, “Kawu, bari in je in tsayar da shi, bai sani ba ne, laifina ne.”

Ya ce, “Rufe mini baki, 'yar nan, ina saurare.” Can ya ce, “Wannan ba hannun baƙo ba ne.”

A waje kuwa gari ya sake rikicewa. Dona Sinhá ta leƙo ta taga da kyandir a hannu, ta ga Kawu ido biyu, ta ce, “Yesu! Kuma?” Ya ji na biyu. Shirun da ya biyo baya ya yi tsawo har na ɗauka an fasa. Sai na ukun ya zo. Ina kallon fuskarsa ina jiran ran ya fita, hawaye na gangara masa cikin kunne. Da muryar ta gama mutuwa a kan duwatsu ya saki hannuna ya ce, “Miƙo mini wandona.”

Maza huɗu suka ɗauke shi a kujera. Muka isa harabar coci, jama'a ta cika. Na buɗe ƙofar hasumiya da mabuɗin wuyana. Mijinki ya sauko da baƙar riga, gemu duk ƙura, yana share fuska da hannun riga. Ya ga mutane sun dare biyu. Ya bi tsakiyar da ido har kan kujerar.

Jakarsa ta faɗi. Ya ja da baya har ya bugi bango, ya sulale ƙasa. Ya ce, “Yaya Zulmira, kina ganin abin da nake gani?”

Na ce, “Ina gani. Yana da rai. Ni na rubuta maka abin da ban gani ba.”

Kawu ya ce, “Taso nan, ja'iri.”

Da gwiwa ya ƙaraso. Kawu ya kama hannayensa ya juya tafin, duk sun fashe, domin siminti ya cinye kantar igiya. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, “Na biyun ka yi gaggawa.”

Honorato ya ce, “E, Baba.”

Ya ce, “Na ukun kuwa...”  Ya sake cewa, “Na ukun, ko ni ban taɓa yi wa kowa irinsa ba.” Ya dafa kansa. Sannan ya ture shi ya ce, “Amma ƙarya ce. Koma ka gyara.”

Fada ya matso ya ce ai Bishop bai sa mata albarka ba tukuna. Kawu ya ce, “Fada, ta yi ƙarya sau biyu babu albarka. A bar ta ta faɗi gaskiya sau ɗaya.” Fada ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya koma gefe.

Honorato ya hau, ta ƙofa wannan karon, ya yi kiɗan murnar. Abin da ya biyo baya ba zan iya sa shi a takarda ba. Tattabaru suka watse, karnuka suka ɗauka, mutanen hayin kogi suka ce sun zaci Ista ta dawo. Mata na kuka suna rawa da kyandirorin makoki a hannu. Kawu na buga ƙafarsa mai kumburi a ƙasa yana cewa, “Luzia, jaki, kada ka manta da Luzia!”

Honorato ya ce in gaya miki shi ba zai iya riƙe alƙalami ba, na naɗe masa hannaye da tsumma. Ya ce ki sayar da abin da ba zai ɗauku ba ki taho, Bishop na zuwa ƙarshen wata. Rigunan da kika rina ki zo da su, zan ga ko za su wanku. Zan tare ki a tasha da kaina.

Ba zan ce miki Kawu ya warke ba. Likita ya ce zuciyar ta gaji, ko ta kai baɗi ko kada ta kai, Allah ne masani. Abin da idona ya gani kaɗai zan rubuta. Yana zaune gabana yanzu da kwanon tuwo a cinya, ya cinye, yana suɗe yatsa, yana gaya wa ɗansa wai miyar ba ta ji gishiri ba.

Yayarki,
Zulmira